Ajin Karatun Manya: Na Gari Ne Ko Na Baƙo?

Ga shi an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyin hunturu kuma ya fara sauka. Wannan shi ne lokacin da aka saba buɗe ajin karatun manya a ƙauyukanmu. Kafin a share zaure a kafa allo bana, muna so mu yi shawara da ku masu karatu a kan wani abu da ya daɗe yana damunmu.

Mun sha ganin yadda abin yake tafiya. Ranar buɗe aji sai ka ga zaure ya cika maƙil, an rubuta sunan mutum 40 ko fiye, mai unguwa ya yi jawabi, an raba littafi da fensir. Bayan wata biyu sai ka tarar da mutum 15. Ran da ruwan fari ya sauka kuwa, ko malamin ma ba za ka same shi ba, ya tafi gona. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne, in ka koma bayan shekara biyu ka nemi waɗanda suka daure har suka karɓi takardar shaida, ka miƙa musu wasiƙa, sai ka ga waɗansu suna jujjuya ta suna murmushin kunya. Karatun ya gudu.

Da can mukan ɗora laifin a kan mutanen, mu ce ba su da himma. Amma mutumin da yake fita gona tun da asuba, da matar da take dakan hatsi da goyo a baya, ba su ne za a koya wa himma ba. Da muka fara tambaya a ƙauyukan da aji ya mutu, mu ce ajin nan na wane ne, sai mu ji an ce na gwamnati ne, ko na mishan, ko na mutanen da suka zo da mota. Da wuya ka ji wanda ya ce namu ne. To, kayan aro ba ya rufe katara. Ran da mai mota ya daina zuwa, ran nan aji ya tashi.

Hasarar kuwa ba kaɗan ba ce. Manomi yakan sayi buhun taki, bai san ko kamfa ce ko yuriya ba sai abin da mai shago ya faɗa masa, alhali an rubuta a jikin buhun. Yakan sayi maganin feshi wanda kwanakinsa suka ƙare tun bara, ko kuwa ya zuba fiye da ƙima a kan wake, gida duka a ci a kwanta. Uwa takan riƙe katin rigakafi ba ta san ranar komawa ba. Ana dangwala yatsa a takardar bashi ko ta jinginar gona ba a san abin da ke ciki ba, sai ranar shari'a. Yanzu ma da wayar hannu ta shiga ko'ina, saƙon kuɗi yakan shigo, sai mutum ya miƙa wa yaron maƙwabta ya karanta masa, har da lambar sirrinsa.

Bari mu ɗan tsaya a kan kalmar nan jahilci, gama tana cikin abin da ke korar mutane. Dattijon da ya san irin geron da ya dace da jigawa da wanda ya dace da fadama, wanda yake lissafin kuɗin tumaki 12 a ka kafin mai biro ya gama rubutawa, in ka kira shi jahili a ranar farko, ba za ka gan shi a rana ta biyu ba. Da yawa kuma suna karanta ajami sarai, boko ne kawai ba su sani ba. Irin waɗannan sun riga sun san cewa alama tana ɗauke da murya, rabin aikin ke nan, sauran su saba da sababbin baƙaƙe da rubutu daga hagu zuwa dama.

Abin da aka yi a da

Wannan yaƙi ba yau aka fara shi ba. A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ta da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a ƙarƙashin En'e-En'e, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororin aikin. Mutanen wancan lokaci sun gane wani abu da mu muke yawan mantawa, watau wanda ya koyi karatu sai an ba shi abin karantawa. Saboda haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma, da kiwo, da tsabta, da labaru, ana kai su har kasuwannin ƙauye. Larduna kuma suka sami 'yan jaridunsu: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zazzau, Zumunta a Bauci, Gamzaki a Filato. Mutum yakan ga sunan garinsu a takarda, ya ji ɗokin haɗa baƙi. A 1959 aka rufe NORLA, 'yan jaridun nan kuma suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka an sake yunƙuri ba sau ɗaya ba. Jihar Kano ta kafa hukumar ilmin manya a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, har aikinta ya sami lambar yabo daga UNESCO. Ran 8 ga Satumba 1982 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da gangamin koyar da karatu na ƙasa duka, a 1990 kuma aka yi dokar kafa hukumar ƙasa ta ilmin manya. Duk sun yi amfani, ba mu raina ba. Sai dai gangami kamar ruwan kwari yake, yakan zo da ƙarfi ya wuce. Abin da muke nema shi ne rijiya, wadda mutanen gari suka haƙa da hannunsu, suke kuma yashe ta da kansu.

Dabarun da aka gwada a waɗansu ƙasashe

A wajen 1930 wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna Frank Laubach yana aiki a cikin kabilar Maranao, Musulmin da ke zaune a Lanao, kudancin ƙasar Filifin. Ya shirya musu hanyar rubuta harshensu, da hotuna masu tuna wa mutum siffar kowane baƙi, ya ɗauki malamai yana biyansu. Sai tattalin arzikin Amurka ya karye, kuɗi suka yanke. Da ya gaya wa manyan gari za a dakatar da aikin, sai wani basarake ya ƙi, ya kafa doka cewa duk wanda ya koya dole ya koya wa wani. Daga nan aka sami tsarin nan na kowa ya koya wa ɗaya, wanda ya bazu ƙasashe da yawa. Ku lura, dabarar daga bakin mai gari ta fito, a ranar da aljihun baƙo ya bushe.

Amfanin wannan hanya a wurinmu a fili yake. Ba ta bukatar ɗaki ko benci. Miji zai iya koya wa matarsa a tsakar gida, kishiya ta koya wa kishiya in ana shiri, makiyayi ya koya wa ɗan'uwansa a gindin itace. Wanda ya koyar da darasin jiya kuma ya ƙara riƙe shi ke nan. Rauninta shi ne, in babu mai zagayawa yana dubawa, kuskuren mutum ɗaya yakan bi layi har mutum 10, zafin abin kuma yakan huce da sauri.

A ƙasar Birazil kuma, wani malami Paulo Freire ya bi ta wata hanya. A 1963, a garin Angicos na arewa maso gabashin ƙasar, shi da 'yan makarantar jami'a suka koya wa mutum wajen 300 karatu da rubutu cikin awa 40 na darasi. Ba su zo da littafi daga birni ba. Sai da suka fara zama da mutane a kasuwa da wurin aiki suna sauraron kalmomin da suka fi fita daga bakinsu, sa'an nan suka zaɓi 'yan kalmomi, ba su kai 20 ba, masu nauyi a rayuwar mutanen, waɗanda kuma suka ƙunshi muryoyin harshen. Kowace kalma sai an tattauna a kanta tukuna kafin a rubuta ta. A lokacin nan wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a a Birazil, don haka masu mulki ba su ɗauki abin da wasa ba. Da soja suka yi juyin mulki a 1964 suka tsare Freire, daga baya ya bar ƙasar.

Daga 1993 zuwa 1995 ƙungiyar ActionAid ta gwada wani tsari da ta kira Reflect a Yuganda, da Bangaladash, da El Salbador. A nan ma babu littafin farawa. Masu koyo sukan zana taswirar ƙauyensu a ƙasa da tsinke, da duwatsu, da ƙwayar hatsi: ga rijiyoyi, ga gonaki, ga burtali, ga gidajen da yara suka yi zawo bana. Ko kuwa su zana watannin shekara su nuna lokacin yunwa, da lokacin bashi, da lokacin zazzaɓi. Sai a kwafe zanen a babbar takarda, a sa wa kowane abu sunansa. Kafin shekara ta ƙare sun rubuta littafin garinsu da kansu.

Yadda za a yi da Hausa

Mu masu koyarwa da Hausa an rage mana wahala, domin yawancin gaɓoɓinta baƙi ne da wasali, wasulan kuma 5 ne kawai, abin da aka rubuta shi ake faɗa. Bari mu ba da misali da kalma guda, taki.

Malami ya zo da buhun taki wanda ba kome a ciki, ya shimfiɗa a gaban aji. Kada ya yi saurin ɗaukar alli. Ya tambaya: wa ya sami taki bara a kan kari? Nawa aka saya? Wa ya ci bashi ya saya? Takin shanu da na zamani, wanne ya fi daɗewa a gona? Zai ga zaure ya ɗauki zafi, har wanda bai taɓa magana ba ya sa baki. Bayan an yi kamar minti 20 ana wannan, sai ya rubuta taki da manyan baƙaƙe, a faɗa tare, sa'an nan ya raba ta biyu: ta, ki. Daga ta sai a fitar da danginta, ta te ti to tu. Daga ki kuma, ka ke ki ko ku. Sai ya ja da baya, ya ce wa aji su haɗa biyu-biyu su ga abin da zai fito.

A nan ne daɗin yake. Wani zai gano keke, wata ta gano koko. Sai ga toka, ga tuta, ga titi, ga kuka, ga kati, ga kotu. A daren farko mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba yana iya rubuta cewa kaka ta taka toka, a yi dariya, ya tafi gida ya nuna wa iyalinsa. Ba wanda ya ba shi kalmomin nan, shi ya tono su. Wannan ya fi a sa magidanci mai 'ya'ya 8 ya yi mako uku yana rera a, ba, ca kamar ɗan aji ɗaya.

Kashegari sai a ɗauko wata kalma, kamar bashi, ko rijiya, ko gona, ko magani, ko kasuwa. Mutanen garin ne za su nuna waɗanda suka fi ci musu rai. Masunta a bakin kogi da makiyaya a ruga ba za su zaɓi kalma iri ɗaya da masu noman rani ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, a shigo da su tun da wuri, ta hanyar kalmomin da ke nuna bambanci: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bata da ɓata. Masu goyo irin su sh, ts, gy da kw sai a bar su zuwa gaba kaɗan, a same su cikin shanu, tsaba, gyaɗa da kwando. A kuma gaya wa masu koyo tun farko cewa rubutunmu ba ya nuna jan murya, saboda haka gari na zama da gari na tuwo kamarsu ɗaya a takarda, sauran maganar ce take raba su. In ba a faɗa ba, sai mutum ya zaci kansa ne ba ya ja.

Lissafi kuma kada a jinkirta shi. Buhun nan da ke shimfiɗe yana ɗauke da 50 kg, da 15-15-15 in kamfa ce, ko 46 in yuriya ce. Waɗannan lambobi su ne darasi. Haka ranar ƙarewar aiki da ke jikin kwalbar magani, da lambobin da ke kan waya.

Inda Hausa ba ita ce harshen gida ba, kamar wurare da yawa a Filato, da kudancin Kaduna, da Bauci, da Adamawa, a bar jama'a su zaɓa. In harshensu yana da rubutu da littattafai, farawa da shi ya fi sauƙi, musamman ga tsofaffi mata. Waɗansu kuwa za su ce Hausar kasuwa suke so, waɗansu ma Turanci. Mu dai shawararmu a fara da harshen da mutum yake ji sosai, gama koyon karatu da koyon sabon harshe a lokaci guda kaya biyu ne a kai ɗaya.

Malami, lokaci, da wurin zama

Malamin da ya fi daɗewa shi ne ɗan gari, mai gona a garin, wanda ba za a yi masa canjin wurin aiki ba. Ba sai mai babbar takarda ba. Wanda ya gama firamare, yana karatu ba gargada, yana da haƙuri, ba ya yi wa babba dariya, ya isa, in an ba shi horo na mako ɗaya ko biyu, ana kuma leƙa shi. Mun taɓa kuskuren ɗora wani saurayi mai ƙoƙari a kan ajin da surukinsa yake ciki. Dattijon bai ce kome ba, ya dai daina zuwa, abokansa uku suka bi shi. Da mun tambayi mutanen gari da sun gaya mana tun kafin a fara. Irin wannan kunya ba a ganinta daga ofis.

Batun ladan malami shi ne dutsen da azuzuwa da yawa suka yi tuntuɓe a kai. Aikin sa kai yana da kyau, amma ba ya cika rumbu. In an dogara ga alawus daga waje, ran da ya makara aji ya tsaya. Abin da muka ga yana riƙe malami shi ne gari ya ɗauki nauyinsa ta hanyar da aka riga aka saba: a yi masa gayya a gonarsa sau biyu da damina, ko kowane mai koyo ya kawo mudu biyu na hatsi da kaka. In wani abu ya zo daga waje, ya zama ƙari. A yanke wannan a gaban mai unguwa, da liman, da fasto, da sarkin noma, da shugabar mata, kafin a rubuta sunan mutum ko ɗaya.

Lokaci kuma masu koyo ne za su sa. Maza sukan fi son bayan sallar lisha ko bayan cin tuwon dare. Mata sau da yawa sukan zaɓi tsakanin azahar da la'asar, kafin a ɗora tukunya. Inda ake kulle sai malama ta shiga gida, matan gidaje uku ko huɗu su taru wuri ɗaya da yardar mazajensu. A kauce wa ranar kasuwa. Da damina kada a ce an rufe, a mai da shi sau ɗaya a mako, ko da na awa guda ne, don kada zaren ya tsinke.

Ga wani ƙaramin abu da ba a cika kula da shi ba. Mutum in ya haura shekara 40, idonsa yakan fara kasa ganin ƙananan abubuwa na kusa. Da yawa daga cikin waɗanda aka ce ba su da ƙwaƙwalwa, baƙaƙen ne ba su gani, balle da dare a gaban fitila mai rauni. Malami ya lura da mai miƙa takarda nesa da fuskarsa, ko matar da ta daina iya zura zare a allura. Tabarau na karatu mai araha, da fitila mai aiki da hasken rana, da rubutu manya-manya a allo, sukan komo da mutumin da aka riga aka fid da rai da shi.

Bayan an iya, sai me?

Nan ne muka fi yin sakaci. Mun lura matan zumunta da suke buɗe littafin waƙoƙi kowane mako ba su cika mantawa da karatu ba, haka mai shagon da yake rubuta masu bashi, haka mai karanta wasiƙun ajami. Wanda ya ajiye takardar shaidarsa a ƙasan akwati shi ne yake wayi gari ba kome. Saboda haka tun aji bai ƙare ba a nema wa kowa aikin da zai yi da karatunsa a cikin gari.

Littafin adashi a karɓe shi daga hannun ɗan makaranta a ba ɗaya daga cikin matan ajin, wata kuma ta riƙa dubawa. Ƙungiyar manoma ta sa sababbin masu karatu su riƙa rubuta wanda ya biya da wanda ya karɓi taki. A kafa allo a ƙofar mai unguwa, kowace ranar kasuwa wani ya rubuta farashin masara da wake da gyaɗa, da ranar da masu rigakafi za su zo. A aiki mutum biyu wurin tsohon da ya fi kowa shekaru su rubuto yadda aka kafa garin, da sunayen masu unguwannin da suka gabata, a karanta a dandali. A sami akwatin ƙarfe guda mai kwaɗo, saboda gara da ɓeraye, a zuba duk abin da aka samu na Hausa, daga Magana Jari Ce har takardun malaman gona da tsofaffin kofen wannan jarida, a ba mutum ɗaya mabuɗi da littafin rubuta masu aro. Masu waya kuma su riƙa aika wa juna saƙo a rubuce maimakon na murya, ko da layi ɗaya ne a rana.

Jarrabawar ƙarshe ma a canza mata kama. A miƙa wa mutum kwalbar magani ya nemo ranar ƙarewarta, a ba shi rasit ya faɗi abin da aka rubuta, ya kuma rubuta wa ɗansa da ke birni layi huɗu. Wanda ya yi waɗannan ya ci.

Bana mun shirya ba za mu kai allo da alli kowane ƙauye ba sai jama'arsa sun zauna sun amsa mana abu uku: wa suka zaɓa ya koyar, da me za su riƙe shi, wane littafi na gari kuma za a danƙa wa masu koyo in sun iya. Mun san wannan zai rage yawan azuzuwan da za mu rubuta a rahoto, mun kuwa yarda da haka. Malaman da suka riga suka fara, muna roƙo ku zauna da ajinku ku tattara kalmomi 15 da suka fi yawo a bakin mutanen garinku, ku aiko mana tare da sunan garin da sana'ar da aka fi yi. Za mu buga su a fitowa ta gaba, domin masu shirin buɗe aji kafin watan Janairu su sami abin dubawa.